Idon da ya rage mini

Ni tela ne, ko da yake yanzu almakashi yana hannun yarana. An haife ni a 1960 a wani ƙauye arewa da Daura, inda in ka yi tafiyar hantsi a ƙafa ka shiga ƙasar Nijar. Idona na hagu ba ya ganin abin da na kalla kai tsaye, na dama nake lallaɓawa. 'Yata ce ke rubuta wannan a waya ina faɗa mata, kuma ita ta matsa a rubuta, don ta gaji da jin ina maimaita zance ɗaya ga duk dattijon da ya zo shago yana tambayar sunan ƙwayar da nake sha.

Ina ɗan shekara goma sha uku aka yi farin 1973. Gero ya ƙone a tsaye, rumbu ya koma ɗakin ɓera, shanun da muke samun nono gare su suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake zuba wa tuwo a gidanmu ba za a kira shi miya ba, ruwa ne da gishiri da ɗan ƙanshin daddawa. A cikin ranin da ya biyo baya na fara tuntuɓe da magariba. Da rana garau nake gani, amma rana na faɗuwa sai duniya ta rufe mini. A makarantar allo ta dare ina ganin harshen wuta, ba na ganin baƙin da ke kan allona, malam kuwa ya ɗauka ƙiwa ce. Yara na wasa a dandali, ni ina maƙale jikin danga ina jiran wanda zai ja ni gida. Kakata ce ta ce dundumi ne, kuma ba ni kaɗai ba ne a unguwar. Lokacin makiyaya na gangarowa daga arewa suna sayar da ramammun shanu a wulaƙance kafin su mutu, saboda haka hanta ba ta yi wuyar samu ba. Ta gasa mini a garwashi, ta tsaya a kaina ina ci. Kafin mako ya zagayo ina gane hanyar masallaci da isha'i.

Ƙanwata ba ta yi irin sa'ata ba. Ƙyanda ta kama ta a wannan shekara, idonta na dama ya bushe, ya yi fari, hakiya ta zauna a kansa har ta koma ga Allah. A lokacin cewa aka yi ƙyanda ta shiga ido. Sai da na tsufa na ji daga bakin likita cewa dundumina da hakiyarta tushensu ɗaya, ƙarancin bitamin A. Ido na buƙatarsa don gani a duhu-duhu da kuma jiƙa fatar baƙin ido, jiki kuwa a hanta yake ajiye shi, ƙyanda kuma tana cinye ɗan abin da yaro ya tara. Yanzu jikokina ana ɗiga musu shi a baki lokacin rigakafi, shuɗin ƙwanso ga jariri ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga wanda ya shekara har zuwa shekara biyar. Tun 2002 kuma doka ta sa a riƙa zuba shi a sukari da fulawa da man girki, shi ne tambarin idon nan da ake gani a jikin buhu. Duk lokacin da na ji wata uwa ta ɓoye ɗanta daga masu ɗigon nan, ƙanwata nake tunawa.

Na zo Kano a 1976, aka ba ni ga wani tela a Fagge. Na fara daga guga da sa maɓalli, na hau keke, daga baya hannuna ya faɗa kan aikin babbar riga. Aska biyu, aska takwas, tambari, wuyan kaftani, babu wanda ban yi suna a kansa ba. Na buɗe shagona, na yi aure, na sauke farali. Amma akwai alkawarin da na yi wa kaina tun ina yaro, ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni da ganye har abada. Wanda ya ci tafasa don yunwa ba ya yi mata kallon abinci. Da kuɗi suka fara shigowa, abincina ya zama shayi mai kauri da burodi da safe, shinkafa fara da rana, tsire ko balangu da dare, lemon kwalba a kai. In an kawo tuwo daga gida, naman nake tsincewa in ɗan dangwali miyar. Haka kusan duk mazan layinmu suke, ganye na mata ne da yara da wanda ba shi da hali. Taba kuma na fara ta a ɗinkin Sallah don korar barci, ta zauna mini fiye da shekara ashirin, sai bayan na dawo Makka na rabu da ita.

Na haura arba'in na fara nesanta allura da fuskata kafin in zura zare. Wannan kowa na yi, na sayi gilashi na ci gaba da aikina.

A ƙarshen 2019 ne abin ya zo da wata kama. Na shimfiɗa farar shadda a tebur, na ɗora rula, na ja layi da alli, sai na ga layin ya lanƙwashe a tsakiya. Na goge, na sake ja, ya sake lanƙwashewa. Na ɗaga rular na duba gefenta, na ce yara sun taka ta. Yaron shagona ya karɓa ya duba ya ce, "Maigida, ai a miƙe yake." Na yi masa tsawa. Bayan haka ƙyauren shago ya fara yi mini ciki, layin sahu a dardumar masallaci ya fara tafiyar maciji. Wata asuba ina alwala, ruwa ya shiga idona na dama na runtse shi, na kalli buta da na hagu kaɗai. Ina ganin ƙasa, ina ganin takalmina a gefe, amma inda butar take babu komai sai wani toka-toka. Na buɗe na dama, buta ta dawo. Na rufe, ta ɓace. Na daɗe a tsugune a wurin har aka tayar da salla.

An canza mini gilashi, bai yi ba. Aka ce in je babban asibitin ido, muna shirin tafiya korona ta shigo, aka rufe Kano a watan Afrilun 2020, kowa ya zauna inda yake. Da hanya ta buɗe, babban ɗana ya kai ni, daga nan aka tura mu Kaduna, Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa. Aka ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙwayar ido, aka sa na ɗora haɓa a kan na'ura aka ɗauki hoton cikinsa.

Likitar mace ce, ba ta girmi 'yata ba. Ta ce, "Baba, a can bayan ido akwai wani ɗan wuri da ake kira makula. Da shi kake zura allura, da shi kake karatu, da shi kake gane fuska. Faɗinsa bai kai milimita shida ba." Da na koma gida na duba a tef, na yi mamakin a ce duk sana'ata a kan wannan ɗan taƙi take tsaye. Ta ce shekaru na lalata shi ga wasu, musamman wanda ya sha taba ko yake da shi a dangi. A idon hagu, wasu jijiyoyin jini marasa ƙwari sun tsiro a ƙarƙashinsa, sun yi yoyo, wurin ya warke da tabo. Akwai allurar da ake yi a cikin ido don tsayar da irin wannan yoyo, amma tana aiki ne kafin tabo ya zauna. A idon dama kuwa ciwon na nan, amma busasshen nau'i ne, yana tsaka-tsaki, ta nuna mini ɗigo-ɗigon rawaya a hoton. Na tambaye ta ko zan makance. Ta ce wannan ciwo ba ya kashe fitila gaba ɗaya, gefe-gefen gani yana nan, zan riƙa kai kaina masallaci. Tsakiyar ce abin tsoro, kuma aikinmu yanzu shi ne tsare ta dama.

Ba zan ɓoye ba, watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwata, har da shekarar fari. A fari kowa na cikin wahala tare. Wannan kuwa ni kaɗai ne, kuma ba a gani a fuskata, don idon fes yake, ba ja ba ruwa. Zurfin gani ya rikice mini, in miƙa hannu karɓar kofi in kuskure, in sa allura a gefen inda na nufa. Na ɓata wuyan rigar wani babban mutum da ya shekara da shekaru yana ɗinki a wurina, bai ce komai ba, ya biya, bai sake dawowa ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da dare in kwanta in riƙa tuna makafin da ke bara a bakin Kantin Kwari, yaro a gaba da sanda, in ce wane daga cikin jikokina za a cire daga makaranta ya ja ni. Na san maganar likita, amma tsakar dare ba ta jin maganar likita. Na daina zama a majalisa. Uwargida ta lura ina rufe ido ɗaya da tafin hannu sau da yawa a yini ina kallon bango, ta ce, "Alhaji, in ka ci gaba da leƙa shi haka, kai za ka gajiyar da shi." Ranar da na miƙa wa babban yaron shago almakashina na ce daga yau shi zai riƙa yanka, a ofishin zuciyata murabus na yi, ko da yake a baki cewa na yi na ɗan lokaci ne.

Labari na bazuwa sai masu magani suka yi sallama. Wani ya ce zuma farar saƙa a ɗiga safe da yamma. Wata ta aiko da kwalli na musamman. Wani ya ce ruwan albasa. Akwai ɗan unguwarmu da ya shiga kamfanin nan na sayar da ƙwayoyi, irin wanda in ka kawo mutum a ba ka kaso, ya zo da jaka da hotuna a waya, ya ce nasu na wanke ido tas, yana narkar da yana, yana sa a jefar da gilashi, har ciwon suga da basir yana ɗauka. Kuɗin kwalba uku ya kai na keken ɗinki na hannu. 'Yata tana karatun aikin jinya a lokacin, ita ta kafa doka: babu abin da zai shiga idona ko bakina sai an ɗauki hotonsa an nuna wa likita. Mutane sun ji haushi, wasu har yau suna ganin girman kai ne. Likitar ta ce kada a ɗiga komai, zuma da albasa na iya jawo gyambo a baƙin ido, kwalli kuma sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Na ɗan unguwarmu ta karanta jikin kwalbar ta ce ba a rubuta adadin komai ba, ba za ta iya cewa ga abin da ke ciki ba.

Amma akwai ƙwayar da ita da kanta ta rubuta mini, kuma a nan nake so masu karatu su natsu, don nan ne ake cakuɗa gaskiya da talla. Cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta yi wani dogon gwaji da ake kira AREDS, sakamakonsa ya fito a 2001. An ba masu ciwon makula haɗin bitamin C da E da beta-karotin (wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A) da sinadarin zink da na jan ƙarfe, aka bi su shekaru. Ga waɗanda ciwonsu ke tsaka-tsaki, ko ya riga ya cinye ido ɗaya, haɗarin kaiwa matakin ƙarshe ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Na ce ta fassara mini da lissafin kasuwa. Ta ce cikin mutum huɗu da ciwon zai kai ƙarshe a shekara biyar, an tsare ɗaya, uku sun kai duk da ƙwayar. Na ce ashe ba tabbas. Ta ce babu, amma mai ido ɗaya ba ya raina kashi ɗaya cikin huɗu. A yadda na fahimta, ƙulli ne a bakin zare don kada ɗinki ya ci gaba da warwarewa, ba ya mayar da abin da ya riga ya kwance.

An sake gwaji na biyu da mutum fiye da dubu huɗu, ya fito a 2013, aka cire beta-karotin aka sa lutin da ziyazantin, waɗanda su ne launin rawayan da ke taruwa a makula yana tace haske. Haɗin da ake sha a yini yanzu shi ne bitamin C miligiram 500, bitamin E awo 400, zink miligiram 80, jan ƙarfe miligiram 2, lutin miligiram 10, ziyazantin miligiram 2. Jan ƙarfen an sa shi ne don zink mai yawa na hana jiki tsotsarsa. Dalilin cire beta-karotin kuwa ya shafe ni kai tsaye: an gano cewa shansa da yawa a ƙwaya na ƙara haɗarin sankarar huhu ga mashaya taba, har da waɗanda suka daina. Wani ɗan ɗan'uwana da ke ƙasar waje ya aiko mini da manyan kwalabe biyu don zumunci, aka duba, tsohon haɗin ne mai beta-karotin. Likita ta ce kada in taɓa. Kwalin iri ɗaya, hoton ido iri ɗaya, bambancin na cikin ƙananan rubutun da ni ba na iya karantawa. Wanda ke cikin karas da manja ba shi da wannan matsala, na ƙwaya ne abin gudu.

Abin da nake ta faɗa wa dattawan da ke zuwa shago ke nan, kuma ba sa son ji. Gwajin bai nuna ƙwayar na hana mai lafiyar ido kamuwa ba, bai nuna tana maganin yana ba. Kuma likitar ba ta ɓoye mini ba, kusan duk waɗanda aka yi gwajin da su Turawa ne, ciwon ma ya fi yawa a cikinsu. Mu abin da ke makantar da mu daban ne. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kashi 43 na makantar daga yana, kusan kashi 17 daga gilakoma, wadda ake ce wa hawan jinin ido. Duk ranar da na je asibiti layin ma haka yake nunawa, da wuya in samu mai irin nawa. Yana aiki ake yi mata a cire, mutum ya tashi yana gani. Gilakoma ɗigo ne kullum ko aiki, kuma tana cin gani daga gefe ba ciwo ba ƙaiƙayi. Mai ciwon suga kuma maganin idonsa na cikin riƙe sugan da zuwa a duba bayan idon duk shekara. Wani abokina, direba ne da, ya dage sai na ba shi sunan ƙwayata. Na ce sai dai in raka shi a duba. Yana ce. Aka yi masa aiki, yanzu shi ke karanta mini lambar mota. Da na ba shi sunan, da yana nan yana haɗiyar kuɗinsa yana jiran hazo ya washe.

Maganar abinci ita ta fi ba ni wuya, don ƙwaya haɗiya ce kawai. Likitar ta tambayi abin da nake ci a yini, na lissafa, ta ce, "Baba, ina ganye?" Na ce akwai kuka a miya. Ta yi murmushi ta ce a ƙara. Lutin ɗin nan da nake saye da tsada daga ƙasar waje, a cikin ganye mai duhun kore yake, zogale, alayyahu, rama, ugu, sai gwaiduwar ƙwai da jar masara. Jiki ba ya ƙera shi, sai an ci. Ta ce waɗanda suka saba cin ganye da kifi an ga ciwon ya fi yi musu sauƙi, amma da aka zuba man kifi a ƙwaya aka gwada a gwaji na biyu, bai ƙara komai ba. Saboda haka kifin kansa za a ci, titus ko shawa ko sadin, kamar sau biyu a mako.

Da muka dawo gida 'yata ta karanta wa uwarta takardar, uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Shekara nawa ina miƙo maka kwaɗo kana cewa kai ba akuya ba ne? Yau ga shi likita ta rubuta maka a takarda." Ban da abin cewa. Washegari da la'asar ta ajiye mini kwano: zogale dafaffe an matse, ƙuli-ƙuli dakakke, albasa, tumatir, ɗan yaji, an zaga da man gyaɗa. Na kai loma ta fari, ƙanshin ganyen ya mayar da ni gindin murhun kakata, maƙogwarona ya ƙi karɓa. Ba ɗaci ba ne, tuna baya ne. Na ture kwanon. Ba ta ce uffan ba, gobe ta sake kawowa, wannan karon ta zauna muka sa hannu tare. A hankali aka saba. Yanzu in la'asar ta yi ban ga kwanon ba, ni ke aikawa a tambaya.

Abin da ya burge ni, yadda matanmu ke haɗa kwaɗo tun kaka da kakanni daidai yake da abin da likita ke so. Lutin da sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A duk sai da maiƙo hanji ke tsotsarsu, ga ƙuli da man gyaɗa a ciki. Gyaran da 'yata ta kawo a kicin kaɗan ne, amma an sha gardama a kansa. Manja a daina soya shi har ya yi hayaƙi ya washe, don jan nan shi ne amfaninsa. Ganyen da za a ajiye, kuka ko zogale, a shanya a inuwa, rana na cinye shi. Alayyahu a zuba daga ƙarshe, kada ya dahu ya yi baƙi. Kanwa a rage, tana kashe bitamin C. Kan kanwar nan har yau ba a gama sulhu tsakanin uwa da 'ya ba, ni dai na janye bakina. Hanta ina ci jefi-jefi, ba kullum ba, don bitamin A irin na hanta taruwa yake a jiki, yawansa kuma illa ne, mai ciki ma an fi ja mata kunne a kai. Karas ina ci lokacinsa, amma kada a ruɗe ku, yana maganin ƙarancin bitamin A ne, ba ya sauke wa kowa gilashi.

Cefanen ma ya zo da sauƙin da ban zata ba, in dai ana bin lokaci. Da sanyi kayan lambu na zubewa a 'Yankaba, alayyahu da karas da latas har a rasa mai saye. Bazara ga mangwaro, damina ga rama da ɗanyar masara da gwaiba, kaka ga kabewa. Mun dasa zogale biyu a bayan gida, sun fi ƙarfinmu har maƙwabta na tsinka. Abin da nake kashewa a tsire da lemon kwalba a da ya fi kuɗin ganye da ƙwai da kifin yanzu. Lemon na bari, shayi na rage masa sukari, gishiri ma an rage don an same ni da hawan jini, wanda shi ma ba ya barin jijiyoyin ido lafiya.

Ƙwayar ce ke da tsada. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinta ya yi tsalle, kuma ba kowane kantin magani ke da ta gaskiya ba. 'Ya'yana ke karo-karo su saya, akwai watan da ta yanke sai da aka jira. Sau biyu ake sha a yini, kuma sai da abinci a ciki, in ba haka ba zink ɗin na tayar mini da zuciya. Da azumi na mayar da ita buɗa-baki da sahur. A jikin bangon ɗakina akwai takardar da aka ba ni a asibiti, mai layuka a tsaye da a kwance da ɗigo a tsakiya. In gari ya waye na sa gilashi, na rufe hagu, na kalli ɗigon da dama. In layi ya lanƙwashe ko wani gurbi ya ɓace, an ce kada in jira ranar da aka ba ni, in taho a makon, don busasshen nau'in na iya juyewa ya zama mai yoyo, kuma a nan allura ke da amfani.

Zuwa yanzu idon dama na nan inda yake. A dubawar ƙarshe an ce ɗigo-ɗigon rawayan nan na cikin idon ba su ragu ba, amma tsakiyar ba ta taɓu ba. Ko ƙwayar ce, ko ganyen, ko barin taba tun da daɗewa, ko dama can haka Allah ya tsara tafiyar ciwon, likitar da kanta ta ce ba mai iya rarrabewa a kan mutum ɗaya. Na hagu yana nan da tokarsa, ba abin da ya sauya. Ina karanta Alƙur'ani mai manyan baƙi da fitila a kusa. Ina zuwa shago kullum, ni ke karɓar baƙi, ni ke awo, ni ke zaɓen zaren da zai hau kowace shadda, kuma in yaro ya yi aska ta karkace yatsuna na ganewa kafin idonsa ya gani. Majalisa ma na koma, na gaya musu in na wuce mutum ta hagu ban gaishe shi ba, ya yi mini magana, ba wulaƙanci ba ne.

Wanda ke damuna yanzu ƙanena ne. An ce ciwon na bin dangi, shi kuma ya haura sittin, har yau yana busa taba a ɓoye yana zaton ba mu sani ba, in an kawo kwaɗo ya ce ya ƙoshi. Ya nemi in riƙa ba shi rabin ƙwayata, na hana, muka yi kwana biyu ba ma shiri. Da ƙyar ya yarda a buɗe idonsa a duba, ya ce sai bayan Sallah in aiki ya lafa. Na sa babban ɗana ya karɓo masa kati tun yanzu, kuma ni zan raka shi.